Adaidaita Sahun Caji Ofis

Sagiru Kwalta ne ya harbe Augustine mai wayoyi a cikin shagonsa na Sabon Gari, ranar wata Juma'a, da rana tsaka.

Tun ranar Alhamis aka ƙulla abin. Bayan la'asar, a wani tsohon gareji da ke bayan layin dogo a Fagge, mutum uku suka zauna a kan tayoyi. Kwalta ne oga. Ɓawo shi ke jan babur. Na ukun Taofeek ne, ɗan adaidaita sahu, haihuwar Fagge.

"Ni fa tsoro nake ji," in ji Ɓawo. "Caji ofis ɗin nan ba nisa."

Kwalta ya yi dariya. "Waɗanne 'yan sandan? Taofeek, faɗa masa."

Taofeek ya sosa ƙeya. "Motarsu na kan duwatsu tun damina. Inji ya buga. Sun rubuta sama, sama ta ce an rage kuɗi, a yi haƙuri. Yanzu in an kira su, ni suke kira. Ni ke kai su."

"Ka ji ko?" Kwalta ya daki kafaɗar Ɓawo. "Ga motar sintirin nan zaune da mu tana shan fiya wata!"

Ya juya ga Taofeek, dariyar ta ɗauke.

"Gobe da liman ya hau mumbari za mu shiga. Rabin gari na masallaci. In sun kira ka, ka ɗauke su, kar ka yi musu. Amma ka bi da su ta bayan masallacin Juma'a. Sahu zai cika titi. Ba ɗan sandan da zai keta mutane suna sallah."

"Oga, amma ba harbi. Mutumin nan ya san ni. Ni ke kai matarsa kasuwa."

"Ba harbi, baaba. Ƙarfen na ban tsoro ne kawai."

A caji ofis ɗin, Sajan Maikano ne ke kan kanta ranar Juma'ar. Dattijo ne, furfura ta gama cin kansa, ritaya ta kusa. A da, in ya leƙa tsakar gidan nan, sai ya ga maza cike da benci. Yanzu an kwashe su, wasu gadin manya, wasu daji. Oba-oba, rediyon kiransu, ta mutu. Janareta ba mai. Shi ya bi shagunan Sabon Gari da ƙafarsa yana ba 'yan kasuwa lambar wayarsa.

"In wani abu ya taso, ku kira ni. Zan zo."

Haka ya ce musu, kuma sun yarda.

Babur ya tsaya a ƙofar shagon Augustine. Layin shiru, yawancin shaguna a rufe. Kwalta ya sauka, takunkumi a fuska, hula ta rufe goshi. Ɓawo ya bar inji a kunne.

"Kwanta! Kwanta, uban kowa!"

Augustine ya ɗaga hannu sama. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ɗauki abin da kake so."

"Buɗe dirowa! Zuba wayoyin a buhu — maza!"

A ɗan ɗakin ajiya na ciki, matarsa Agnes tana jera kwalaye lokacin da ta ji ihun. Ta durƙusa a bayansu. Ta tsagar ƙofa tana ganin komai. Ta danna waya.

"Baba Sajan," ta ce da raɗa. "'Yan fashi. Shagonmu. Da bindiga."

"Kar ki motsa. Ga ni nan."

Sajan ya fizgi bindiga ya fito, Kofur Bitrus na bin sa. Suka wuce motar da ke kan duwatsu, kaji na kwance a ƙarƙashinta. Taofeek na bakin ƙofa kamar kullum.

"Sabon Gari! Taka!"

"Oga, hanyar Bata ta cushe. Mu bi ta baya."

"Bi ko ta ina, kai dai ka kai mu!"

Sajan bai dubi hanya ba. Waya na manne a kunnensa, yana jin numfashin Agnes. Adaidaita ta shiga lungu, ta fita wani, ta sha kwana — sai birki!

Mutane ne. Sahu bayan sahu, tabarmi da dardumai sun rufe kwalta daga wannan bango zuwa wancan. Lasifika ta ɗauka: "Allahu Akbar!" Dubban hannuwa suka tashi tare.

"Koma baya!"

Baya ma ta cika. Masu makara sun shimfiɗa sallayarsu har jikin tayar adaidaita.

Kofur Bitrus ya kai hannu ga usur. Sajan ya riƙe hannun.

"Kana hauka? An tayar."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya rataya bindiga, ya kutsa wani siririn lungu, ya fara gudu. Tsoho da takalmin da ya sha faci, yana tsallake kwata. Kofur na biye da shi.

A shago, buhu ya cika. Kwalta ya sunkuya zai ɗauka, igiyar takunkumin ta tsinke. Fuska ta fito fili.

Augustine ya dube shi.

"Sagiru?" Muryarsa ba tsoro, mamaki ne. "Kai da kake mini dako? Sagiru, ni ne fa —"

Tau!

Agnes ta cusa zaninta a baki. Kwalta ya ja buhu, ya haye babur.

"Fece! Fece!"

Ƙarar harbin ta iske Sajan ta cikin wayar da ke hannunsa. Bai daina gudu ba.

Da ya iso, Agnes na zaune a ƙasa, kan mijinta a cinyarta, ta danne ƙirjinsa da hannu biyu. Yana numfashi, amma da ƙyar. Maƙwabta sun taru. Wani ya ruga neman mota, mai motar yana masallaci da makullin a aljihu.

Sai da aka sallame sannan adaidaitar Taofeek ta shigo layin. Ya ga jinin, ya sandare.

"Me kake kallo?" Sajan ya daka masa tsawa. "Kama ƙafafunsa!"

Wannan karon Taofeek ya yi gudu na gaskiya. Ya hau gefen titi, ya zagi mai tirela, ya danne hon bai saki ba. Agnes na baya tana kiran sunan mijinta da harshensu. Augustine ya buɗe ido ya ga ƙeyar direban.

"Taofeek ne? Na gode, ƙanena."

Kafin su kai ƙofar asibiti ya cika.

Washegari da hantsi Kwalta ya kira Taofeek ya zo ya kai shi tasha. Zai bar gari sai ƙura ta lafa. Ya shiga baya da 'yar jaka, sanye da farar shadda.

"Ka ce ba harbi," in ji Taofeek, idonsa na kan titi.

"Ya kira sunana. Me kake so in yi, in rungume shi? Wai ma kai ka kai shi asibiti! Shege ɗan agaji!"

Taofeek ya ƙara wuta. Suka wuce kwanar tasha.

"Kai! Ina za ka? Tsaya! Na ce tsaya!"

Adaidaita ta shige ƙofar caji ofis a guje, ta daki motar da ke kan duwatsu, ta kife. Kwalta ya rarrafo daga ciki, jini a goshi, ya tarar da bakin bindigar Sajan Maikano a hancinsa.

"Shi ne!" Taofeek na kuka. "Shi ne ya kashe shi! Ni kuma ni na bi da ku ta masallaci, Oga. Da gangan."

Sajan ya daɗe yana kallonsa. Bai mare shi ba.

Ya so a kulle Taofeek, ko don kare ransa, tunda Ɓawo na waje. DPO ya ƙi.

"In na kulle shi, da me za mu fita aiki? Da me za mu kai wancan kotu? Ya rubuta bayani, ya riƙa zuwa kullum da safe. Ai ba gudu zai yi ba."

Bai gudu ba. Cikin satin nan aka tsinci adaidaitarsa a gefen layin dogo, shi yana ciki, an caka masa wuƙa a wuya. Bayanin da aka ce ya rubuta ma ba a kai ga ɗauka ba, takarda ta ƙare a ofis, ana jiran a sayo.

Kwalta ya ji labari a bayan kanta. Ya kama ƙarfen ƙofa yana murmushi.

"Baba, saura wa? Wa ya gan ni? Kawo shi in gani."

Bai san da Agnes ba. Sajan kaɗai ya sani.

Ya tafi gidanta da ƙafa, daga Fagge har Sabon Gari, rana na dukansa. Hawa na biyu take, a wani gidan haya. Ya tarar da ita cikin baƙaƙen kaya, 'ya'yanta mata biyu, Munachi da ƙanwarta, na zaune a gefenta. Ya cire hula.

"Maman Munachi, ya haƙuri?"

"Da godiya, Baba. Zauna."

Bai zauna ba. "Yana hannunmu. Amma ba shaida. In ba wanda ya tsaya gaban alƙali ya nuna shi, zai fito. Ke kaɗai kika ga fuskarsa."

Ta tura yaran ɗaki, ta rufe ƙofa.

"Ɗayan fa? Mai babur?"

"Muna nemansa."

"Da me?"

Sajan ya kau da ido.

"In na nuna shi, sunana zai fito?"

"A kotu ne. Dole."

"To wa zai kwana a ƙofar nan? Ba ni mutum ɗaya, Baba. Ɗaya tak, ko ba bindiga."

"Ba ni da shi."

"Wa zai raka yaran nan makaranta?"

"Kina da lambata. In kin kira —"

"Na kira."

Ya sunkuyar da kai. Hular na juyawa a hannunsa.

"Ban ce laifinka ba ne," in ji ta. "An faɗa mini da ƙafa ka zo. Na ga yadda kake haki. Amma a nan aka haife ni, Baba, ba ni da wani garin da zan kai su. Taofeek kullum yana ƙofarku, ga shi an yanka shi. Ni ina nan, nesa da ku."

"In ya fito, wani shagon zai shiga. Wata matar za ta zauna yadda kike zaune."

"Na sani."

"Jinin mijinki ne, Agnes. Ranar Litinin za a shiga kotu. Ni da kaina zan zo in tafi da ke, in dawo da ke. Ki zo ki nuna shi."

Ta buɗe masa ƙofa, ta tsaya a gefe.

"Ba zan zo ba."