Hannu Biyu a Kan Kyamara

Ranar da ya fara ganinta, tana bayan kanta a shagon babanta na hayar kayan ɗaukar fim, tana goge idon wata kyamara da ɗan ƙyalle. Shi mai ɗaukar hoto ne, amma ba shi da tasa, kullum sai haya. Ta ɗago ta dubi kafaɗarsa ta dama da nauyin aiki ya karkatar.

"Malam, haka aka haife ka, ko kayanmu ne suka lanƙwasa ka?"

Ya yi dariya. Tun daga ranar take ce masa Ɗan Kafaɗa, shi kuma ya sa mata Fitila.

Yakan tura mata saƙo daga wurin aiki: "Fitila, yau fuska goma na ɗauka, taki kaɗai nake gani."

Ita kuma: "Dawo mana da batiranmu tukuna, daɗin baki."

Da maganar aure ta kai kunnen babanta, ya girgiza kai. "Mutumin da ko ƙafar kyamara bai mallaka ba? Ga Darakta nan mai shirya fim yana sonta, mutum mai abin hannunsa." Ita kuwa tuni ta faɗa wa Darakta ba ta yi.

Bayan sati biyu Darakta ya kira Ɗan Kafaɗa aiki, ya sa ya karɓo babbar kyamarar shagon. Faɗa za a ɗauka a wani tsohon sito, ƙarti huɗu da sanduna. Sandar fim soso ce da fenti, kowa ya sani.

"Shiga tsakiyarsu, hoton kusa nake so," in ji Darakta.

A wannan sana'a mai kyamara ba ya tsayawa sai darakta ya ce a tsaya. Sandar farko da ta sauka a gadon bayansa, ya san itace ne. Ya durƙusa, ya rungume kyamarar a cikinsa, ya dunƙule a kanta. Suka rufe shi. Ya ji gwiwar hannunsa ta yi ƙas, takalmin wani ya fasa masa leɓe, haƙori ya faɗo ƙasa. Darakta yana tsaye, ya harɗe hannu.

Da suka gaji, Ɗan Kafaɗa bai nufi asibiti ba, shago ya nufa. Ashe Darakta ya riga ya kira baban a waya, wai Ɗan Kafaɗa ne ya tsokani 'yan wasa, har ya yi garkuwa da kyamarar mutane. Yana shiga baban ya ɗauke shi da mari a kan fasasshen bakin, jini ya fantsama a gilashin kanta.

Fitila ba ta yi kuka ba. Aikinta ne duba katin kyamara kafin a goge shi. Ta zare, ta sa a kwamfuta.

Hoton duhu ne, sai maɓallin riga. Amma sauti ya fito tas: ƙarar itace a jikin mutum, da muryar Darakta, "Hannun za ku karya, in ga da abin da zai ƙara aiki." Can ƙasa kuma wata murya na nishi, "Don Allah ku kula da kyamarar, ba tawa ba ce."

Baban ya juya kyamarar gaba da baya, ko ƙwarzane babu. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Me ya hana ka kare kanka, ɗana?"

"Hannun biyu ne, Baba, duk suna kanta."

Da kansa ya kai shi asibiti, daga nan ya wuce da katin wurin 'yan sanda.

Wata uku aka yi kafin hannun ya warke, sannan aka ɗaura aure. Ranar, baban ya zaunar da su a gabansa.

"Wanda ya riƙe mini ƙarfe haka, ba na fargabar ba shi 'yata. Ka yafe mini marin nan. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Ango ya sunkuyar da kai. Amarya ce ta fara cewa amin.