Tafiyar da Aka Ɗauko daga Bakin Kwata

Rana ta faɗi, Mama tana kwashe shanya a tsakar gida, sai warin ya fara shigowa. Wari ne mai nauyi, irin na naman da ya kwana uku a cikin leda, yana manne wa mutum a maƙogwaro.

Babbar 'yar gidan, wadda kowa ke kira Mai-Zane, tana ɗaki gaban kwamfuta. Shekara biyu ke nan tana haɗa fim ɗin katun na yara. Kowane ɗan wasa yana da shimfiɗarsa a cikin manhajar, akuya daban, tsohuwa daban, kyankyaso daban. A ƙarƙashin kowace shimfiɗa akwai 'yan ɗige-ɗige masu nuna inda ƙafa za ta ɗaga da inda za ta sauka. Don kada ta riƙa maimaita wahala, tafiya guda ta zana, ta ajiye ta a matsayin uwa, ta ɗora wa 'yan wasa goma sha bakwai.

A wannan yammacin ta ga ɗigon da ba ita ta sa ba. Da ta kunna, akuyar ta yi taku uku, ta karkace wuya, ta zaro harshe ta lashi ƙasa. Tsohuwar ma haka, kyankyason ma haka. Ta goge ɗigon daga shimfiɗar akuya, kafin ta ɗauke hannu ya dawo.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufin gidan, tim. Curin baƙar laka ne, ya gangaro tsakar gida ya fashe, tsutsotsi suka watsu.

A lokacin ne ƙanwarta Auta ta fito daga kicin. Ta yi taku uku, ta karkace wuya, ta durƙusa a bakin magudana ta lashi siminti.

"Auta?" in ji Mama da ƙaramar murya. "Ke, Auta?"

Yarinyar ba ta ɗago ba.

Kwana uku aka yi a haka. Ta ƙi abinci, amma sau biyu ana kama ta da hannu cikin kwandon shara. Ƙudaje suka yi wa ƙofar ɗakinta baƙi. Mama tana wanke ta tana kawar da kai, tana kuka don kunyar ƙyamar 'yar cikinta. Mai-Zane kuwa ba ta fitowa sai alwala, tana ta goge ɗige-ɗigen suna dawowa.

A rana ta huɗu bayan la'asar Baba ya zo da Malam, wani dattijo mai sayar da littattafai, wanda aka sani da karatu a kan marasa lafiya. Ya zauna kusa da Auta ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Can yarinyar ta buɗe baki, wata murya mai kauri ta fito, kamar ana magana ta cikin ruwa.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ya kawo ka?"

"A babbar kwatar bayan gidan nan nake. Waccan," hannun Auta ya nuna yayarta, "ta kawo wannan yarinyar bakin ƙofata da magariba, ta ce ta yi mata tafiyar tsofaffi. Na shiga ƙafar yarinyar don in kore su. Sai waccan ta ɗauke ni da waya, ta zane tafiyata, ta manna wa akuya. Na yi shiru. Ta manna wa kyankyaso. Kyankyaso! Ni da nake tsartar da yawu in na ga ɗan Adam yana cin abinci."

"An yi maka ba daidai ba," in ji Malam. "Amma yarinyar nan ba ta san komai ba. Fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko kaza ba za ka samu ba."

"To a bar mini ita rana ɗaya a mako."

Malam ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya sandare, muryar ta yi ƙara.

"Tsaya! A cire tafiyata daga cikin akwatin, in tafi."

"Wallahi na goge ya fi sau ɗari," in ji Mai-Zane.

Muryar ta yi dariya, yawu yana dalala. "'Ya'yan kike gogewa. Uwar tana nan, kuma kin sani. Tun ranar farko kin sani."

Baba ya juyo ya dube ta. Mai-Zane ta sunkuyar da kai. Gaskiya ne. In ta goge uwar, aikin shekara biyu ya rasa ƙafa, shi ya sa take ta kewaye ta.

Ta shiga ɗaki, Malam yana tsaye a ƙofa. Ta nemo uwar tafiyar, ta danna, ta goge ta. Ɗige-ɗigen suka ɓace daga shimfiɗa goma sha bakwai lokaci guda, 'yan wasan suka tsaya ƙiƙam kamar an kafe su.

A tsakar gida Auta ta yi aman baƙin ruwa, ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido.

"Mama, me ya sa bakina yake ɗaci?"

Bayan Baba ya raka Malam, Mama ta ɗebo ruwa da omo ta durƙusa tana wanke wurin. Mai-Zane ta zo ta miƙa hannu za ta karɓi tsumman.

"Mama, kawo in yi."

Mama ta janye tsumman, ba ta ko dube ta ba.

"Bari. Kwana uku kina jin ta tana lasar ƙasa, ba ki fito ba. Wannan ma zan iya ni kaɗai."