Amaryar da Ke Kiwon Sauro

Waɗanda labarin nan ya shafa su ne: wata budurwa mai binciken zazzaɓin cizon sauro, wadda abokan aikinta ke kira Uwar Sauro, da wani saurayi mai rubuta ƙudurori a majalisar dokokin jiha, ana ce masa Akawu, da Inna, mahaifiyarsa.

Akawu ya fara ganinta ne ranar da aka ba shi izini na musamman ya shiga ɗakin bincikensu, saboda ƙudurin da zai wajabta wa irin waɗannan ɗakuna buɗe ƙofa ga jama'a da ɗalibai kowace shekara. Ɗaki ne marar taga, ƙofa bayan ƙofa. Ya tarar ta zura hannu cikin kejin raga, sauro na shan jininta.

"Baiwar Allah, laifin me kika yi?"

Ta yi murmushi. "Kalacinsu ne. Nan aka ƙyanƙyashe su, ba su ɗauke da cuta. In na yi fashi, aikin shekara ya lalace."

Tun daga nan ƙafarsa ta saba da hanyar.

Ranar da budurwar ta je gaida Inna, mayafinta ya zame, Inna ta ga tabbai jajaye a hannunta. Da baƙuwa ta tafi, Inna ta ce wa ɗanta, "Ba za a shigo mini da cuta gida ba. Ko ta bar aikin, ko ka bar ta. Ga 'yar aminiyata nan, ka aura."

Ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Inna ta ce wa ya taɓa jin ana kiwon sauro? Ga shi ba a barin baƙo ya shiga ya gani.

Budurwar ta aiko masa da saƙo: "Sanyin idona, na kasa barin kejin nan, na kasa barinka. Ji nake ni aka rufe, ba su ba."

Ya amsa: "Daure, Tauraruwata. Ƙudurin ya maƙale a kwamiti, ni ma tare da shi."

Bayan watanni aka sa wa dokar hannu. Ranar buɗe ƙofa Inna ta je, da nufin ƙaro hujja. Ta tsaya cikin 'yan makaranta tana kallon hannun nan a keji.

"Yarinya, ba ya miki zafi?"

"Yana yi, Inna."

"To don me?"

"Don mu gano abin da zai kashe su kafin su kai ga jarirai."

Inna ta tuna da nata jariran. Yayyen Akawu biyu ta binne suna goye, duk zazzaɓi ne.

"Fitar da hannun haka nan, 'yata, sun ƙoshi." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Je ka kira mini baffanninka."

Aka ɗaura aure, Inna da kanta ta riƙo amarya har ɗaki. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Ni da girma na koyi riƙon alƙalami. Wanda ya ga inda na kauce, ya daidaita mini, Allah ya saka masa.