Ranar Da Tukwanen Umma Suka Fita Yawo

Akwai wani yaro, Auta ake ce masa. Yayarsa ta tafi wani gari mai nisa. Za ta rubuta jarrabawar samun lasisin tsara lambuna da filayen shaƙatawa.

Tun da ta tafi, gidan ya yi wa Auta girma. Kullum yana zaune a ƙofar ɗakinta, ya zuba wa takalman aikinta ido.

"Umma, yaushe Yaya za ta dawo?"

"In ta samo lasisinta."

"Dasa fure ma sai da lasisi? Ai ni ma na iya!"

Umma ta ce, "To, sannu gwani."

Auta ya ƙudura zai yi wa Yaya lambu. Wataƙila in ta ji labari ta yi saurin dawowa.

Ya zaɓi kusurwar tsakar gida. Akwai wata 'yar kafa a gindin katanga. Ya ga tana ɓata masa tsari, sai ya toshe ta da bulo. Ya tara ƙasa, ya dasa furanni. Har kajin gidan sai da ya ja musu kunne.

Ran nan aka sheƙa ruwan sama. Ruwa ya nufi kafarsa ta kullum, ya tarar da ita a rufe. Ya yi sallama, shiru. Sai ya juya ya shige kicin. Tukwanen Umma suka fito yawo, ludayi yana bin su a baya. Furanni kuwa suka kwanta cikin laka.

Auta ya fashe da kuka. "Yanzu me zan nuna wa Yaya?"

Yana cikin kwasar laka washegari, ya ji an ce, "Wane ne ya yi mana tafki a gida?"

Yaya ce, da lasisinta! Ya ruga ya rungume ta, laka da komai.

"Lambu na yi miki," in ji shi.

"Na gode, ƙanena. Amma kafin a dasa komai, sai an duba hanyar ruwa. Irin wannan ake koya mana, a gwada mu, sannan a ba mu lasisi. Kai kicin kawai ka cika da ruwa. Da filin makaranta ne fa?"

Suka cire bulon, suka sake dasa furanni a gefen da ruwa ba ya bi. Yaya tana awo, Auta yana riƙe mata igiya, bakinsa har kunne.

Daga ranar ya gane cewa son aiki bai isa ba. Aikin da zai shafi mutane, wanda ya koya aka ba shi lasisi ake danƙa wa.