Hannun da Ya Fito a Hoto

Dab da magariba Umma ta aiki Baƙo kantin magani ya sayo mata man zafi na gwiwa. Baƙo ba sunansa ba ne. Yayarsa ce ta laƙaba masa tun ranar da ya dawo gida bayan shekaru a waje, da gemu, da jaka ɗaya, da akwati cike da 'yan tsana. Ta ce 'ya'yan mutane kan dawo da mota, nasu ya dawo da kayan wasan yara. Shi kuwa kullum cewa yake ba zama ya zo yi ba, yana gama fim ɗin nan zai ƙara gaba.

Fim ɗin na 'yan tsana ne, aikin cin rai. Ka lanƙwasa ƙafar 'yar tsana ɗan ƙiris, ka janye hannunka, ka ɗauki hoto, ka sake lanƙwasawa. In aka jera hotunan sai a ga tana tafiya. A tsohon ɗakin ajiya na ƙarshen baranda ya kafa teburinsa, ɗakin da ya daɗe a kulle har ya koma warin ƙura da tsohuwar katifa.

Wata 'yar tsana ce ta gagare shi, tsohuwa mai sanda. Duk yadda ya yi, tafiyar soja take fitowa. Da gajiya ta ishe shi, sai ya yi abin da masu sana'ar kan yi: ya ɗauki bidiyon tafiyar mutum na gaske don ya kwafa. Umma ya ɗauka, ba tare da ya gaya mata ba. Yadda ƙugunta na hagu ke nutsewa, yadda take dakatawa ta ja numfashi, duk ya zuba wa 'yar tsanar. Kwana biyun nan yakan ga tafiyar ta fi yadda ya bar ta kyau. Ya ce rashin barci ne.

Da aka kira shi aiken, ya bar 'yar tsanar kan tebur ƙafa ɗaya a sama, tana fuskantar bakin teburin. Haka ake bari, don a ɗora daga inda aka tsaya. Kyamarar ma bai kashe ba.

Ya dawo ya tarar an ɗauke wuta. A bene suke, kuma Umma ba ta sauka sai an riƙe ta. Ya fara hawa yana jan ƙafa, ledar maganin na ƙaras-ƙaras a hannunsa.

Ƙas.

Ya san wannan ƙara ko cikin barci. Kyamararsa ce.

Ya ɗaga kai. Umma na tsaye a saman matakala, ba sanda, ba ta dafa bango ba. Ƙafarta ta hagu na sama.

Ƙas. Ƙafar ta matsa gaba kamar faɗin yatsa, ta tsaya cak.

"Ɗan nan," ta ce can ƙasa-ƙasa, "ba ni nake tafiya ba."

Ya haye da gudu ya rungume ta zai ja ta baya. Kamar ya rungumi turmi. Jikinta sanyi ƙalau, idonta kaɗai ke motsi. Ya kira Yaya, ya tuna ba ta taso daga aiki ba.

Ƙas.

Ya saki Umma ya nufi ɗakin ajiya.

Ba haske sai na allon kwamfuta. Ɗakin na warin toka mai laima. 'Yar tsanar ta kai bakin tebur, ƙafarta na reto a iska. A kan allon akwai hoton ƙarshe, kuma a gefen hoton akwai hannu.

Kowane mai wannan aiki ya san kuskuren nan, ka danna kafin ka gama janye hannu. Amma wannan ba hannunsa ba ne. Dogo ne, siriri, launin toka, yatsun da gaɓoɓi fiye da kima.

Ya miƙa hannu zai fizge 'yar tsanar, sai ya tsaya. In ya ɗaga ta sama, me zai ɗaga a can waje? In ya sake ta fa?

Hanya ɗaya ya sani. Ya damƙe maɓallin ɗaukar hoto a tafin hagunsa. Ya yi bisimilla. Ya mayar da ƙafar baya ɗan ƙiris, ya janye hannu, ya danna.

Daga baranda ya ji silifas ya ja ƙasa.

Ya sake. Ya sake. Bayansa na ciwo, idonsa na raɗaɗi kamar an zuba yashi. In ya yi sauri, tsohuwa za ta karye. Dole a hankali, yadda gwiwarta za ta iya.

Sai ya ji numfashi a ƙeyarsa.

Bai waiwaya ba.

Wasu yatsu masu sanyi suka kwanta a kan nasa, suna lalubar maɓallin. Ya ƙara damƙewa. Sanyin ya ratsa har ƙashi.

"Ba ta gama tafiyar ba," aka raɗa masa. Muryarsa ce, tasa ta kansa.

Ya juya ƙugun 'yar tsanar. Ƙas. Ya lanƙwasa gwiwa. Ƙas. Kan 'yar tsanar ya fara juyawa da kansa wajen bakin tebur. Ya mayar da shi.

Ƙas.

Ya zaunar da ita dirshan, ya aza hannunta kan gwiwa. Ya danna na ƙarshe, ya zare batirin kyamara, ya juye kwalbar gam gaba ɗaya a ƙarƙashin 'yar tsanar.

Numfashin ya ɗauke.

Ya tarar da Umma zaune a ƙasa, nesa da matakala, hannunta kan gwiwa. Ta dube shi ta ce ina man zafin, ko shi ma sai ya yi shekaru kafin ya iso. Ya durƙusa gabanta ya shafa mata, da hannun dama, don yatsu biyu na hagun sun daina jin komai. Har yau ba su dawo ba.

Umma ta ci gaba da tafiyarta da sanda. Fim ɗin bai ƙare ba, kuma Baƙo bai sake ɗaukar tafiyar mai rai ba. 'Yar tsanar ce matsala. Ba zai ƙona ta ba, ba zai jefar ba, ba zai bar wa kowa ba. Tana nan zaune a ɗakin ajiya, mukullin na wuyansa. Kullum da almuru yakan buɗe ya duba. Wani lokacin yakan tarar gam ɗin ya ɗan tsage ta wajen ƙafar hagu, sai ya ƙara wani.

Jakarsa ta yi ƙura a kan kabad. Yaya ta ce abin da roƙon uwa bai yi ba, 'yar tsana ta yi. Ta daina kiransa Baƙo.