Amarya A Kan Dutse

"Ina take? Na ce ina matar taka!"

Hajja Kaka ce ta faɗo tsakar gidan, mayafi a hannu, takalmi wari da wari. Ɗanta Muhsin, malamin firamare a Roni, yana tsaka da cin ɗanwake, sai da ya ƙware.

"Sannu da zuwa Hajja. Ta ɗan... ta ɗan fita ne."

"Ta hau dutse dai! Dela maƙwabciyarku ta gan ta da idonta. Da rana tsaka, ita kaɗai, ta kwantar da 'yar tsana a akwati tana yi mata Turanci! Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba! Kai wannan, an shafe ta, kana nan kana cika ciki!"

To mai karatu, bari in tsegunta maka abin da Hajja ba ta sani ba. Mu'minat lafiyarta ƙalau. Digiri na biyu take yi daga gida ta intanet, a fannin injiniyancin na'urorin asibiti, unguwarsu kuwa netwok ba ya sauka ƙasa, sai a kan dutsen bayan gida. Lokacin aure Hajja ta ce boko ya ƙare, Muhsin ya ce "to." Amarya ta ce za ta ci gaba, nan ma ya ce "to." Tun ranar bawan Allah bai ƙara cin abinci ya zauna masa ba.

"Gobe bayan azahar Malam Sama'ilu zai zo ruƙiyya," in ji Hajja. "Ta ƙara taka dutsen nan, ka ba ta takardarta. In ka ƙi, ban yafe ba!"

Mu'minat na dawowa ta ji labari, sai ta zube a bakin gado.

"Yaya, gobe bayan azahar fa difens ɗina! In ban kare binciken nan ba, shi ke nan, wahalata ta tashi a banza!"

Muhsin ya shiga safa da marwa yana neman netwok a cikin gida. Ya rataya waya a darbejiya, babu sabis. Ya hau katanga, ya sauko da yagaggen wando.

"Ko mu ce mata kin tafi awo Kazaure?"

"Awon me? Wata ƙaryar kuma?" Hawaye suka zubo mata. "Wallahi ina son ka, amma na gaji da ɓuya kamar ɓarauniya. Ba zan tsallake maganar Hajja ba. Ni zan je in gaya mata."

"Za ta cinye mu ɗanye!"

"Ta fara da kai, kai ne mai ƙiba."

Da safe ta durƙusa gaban surukarta, kai a ƙasa, ta zayyana komai. Hajja ta taɓe baki.

"Makaranta a kan dutse? Malamai a cikin gilashi? Ai dama haka suke zuwar wa mutum, 'yar nan."

"Don Allah Hajja, ki zo ki gani. In kin ce in bari, na bari har abada."

"Zan je! In ga uban da ke kiran ki."

Bayan azahar Malam Sama'ilu ya iso, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya ce gwiwarsa na ciwo, zai taimaka da addu'a daga ƙasa. Haka aka hau: Mu'minat da laftof, Muhsin da wayar da ke jawo netwok a aljihu da akwati a ka, Hajja a baya tana haki, riƙe da kaskon tazargade.

Ana buɗe laftof fuskoki uku suka bayyana. Hajja ta banka musu hayaƙi tana A'uzubillahi. Ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa mai tabarau, Furofesa Khairiyya, ta yi murmushi.

"Mama, barka da rana. Ya gida, ya iyali?"

Hajja ta ja da baya. "A'a! Wannan ai mutum ce. Har da gaisuwa!"

Mu'minat ta fara bayani. Turanci ya yi Turanci, Hajja ta ƙosa.

"Dakata! Baiwar Allah, ni a gaya mini da Hausa. Mene ne na sa 'yar tsana a akwati?"

Muhsin ya runtse ido, ya ce yau ƙarshensa ya zo. Furofesa kuwa cewa ta yi, "Tambaya mai kyau. Mu'minat, amsa wa Mama. Da maki a kai."

"Hajja, akwatin ɗumama bakwaini ne. Da hasken rana yake aiki, ko a ƙauyen da babu lantarki. 'Yar tsanar gwaji ce, in ga ko ɗumin ya yi daidai."

Hajja ta sa hannu cikin akwatin. Ta daɗe ba ta cire ba.

"Kafin wannan," ta nuna Muhsin da haɓa, "na haifi bakwaini a Gwiwa. A auduga muka naɗe shi, muka kewaye shi da garwashi. Bai kai suna ba."

Ana haka sai ga hoton ya daskare, fuskar Furofesa ta tsaya baki buɗe.

"Wayyo netwok!" Mu'minat ta ɗora hannu a ka.

"Kai wannan, ɗaga wayar sama!" Hajja ta daka tsawa. "Sama sosai! Hau wancan tsinin! Ko ba ka ci abinci ba ne?"

Haka Muhsin ya tsaya a tsini, hannu a sama kamar mai kiran ruwa, gumi na tsiyaya, har aka gama tambayoyi. Da Furofesa ta ce Mu'minat ta ci, Hajja ta rangaɗa guɗar da ta sa Malam Sama'ilu a ƙasa ya ƙara ƙarfin karatu, ya zaci aljanin ne ke fita.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan. Yi ta karatunki." Hajja ta juya kan ɗanta. "Kai kuma mai baki biyu, mu je gida. Ni da kai ne!"

'Yan'uwa matasa, haƙuri da gaskiya su suka tsare wa Mu'minat aurenta da karatunta. Iyaye ba maƙiya ba ne. Abin da aka ɓoye musu shi suke tsoro. A durƙusa a yi musu bayani tun da wuri, kafin maƙwabta su yi musu nasu.