Fankar da Ba Ta Sallama

Rana ta faɗi ke nan, gari bai yi duhu ba, hasken kuma ya tafi, Injiniya na durƙushe a ƙofar ɗakin 'yarsa Auta, ya ƙura wa ɗan gilashin na'urarsa ido. Ba injiniyan ba ne fa, a kantin magani yake aiki. Maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Tun da ya sayo wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta fi akwatin ashana ba, teburin cin abincin gidan ya koma na wayoyi da warin dalma.

Auta ta kai aji na ƙarshe a sakandare, amma ciwon ƙirji bai bar ta ba. Zafi ya shaƙe ta, iskar fanka in ta yi yawa ta tayar mata da tari. Don haka uban ya liƙa ma'aunin zafi can sama, a jikin sandar fankar silin, ya ja waya zuwa ƙwaƙwalwar, ya rubuta mata umarni a kwamfuta: in zafi ya haura talatin ta kunna fanka, in ya sauko ta kashe. Da ya ga abin ya yi aiki, sai kai ya kumbura. Ya sa sukudireba ya cire makunnin bango gaba ɗaya, wai kada matarsa ta riƙa taɓa masa aiki da hannun miya.

A yammacin nan gilashin na nuna ashirin da takwas. Babu kowa a ɗakin, labule ko motsi ba ya yi. Sai lambar ta fara hawa, ta wuce talatin, ta wuce arba'in, kamar an kara wa ma'aunin garwashi. Na'urar ta ce ƙas, fanka ta ɗauka da ƙarfi. Aka ji wata siririyar ƙara irin ta jariri, aka ji wani abu ya daki bango. Lambar ta sauko, fanka ta lafa, gidan ya yi tsit har ana jin ɗigar famfo a kicin.

Dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano kafin a idar da sallar magariba.

Daga ranar, almuru ba ya yi sai da jifa. Injiniya ya fita da sanda, ya zagi 'ya'yan maƙwabta, ya zagi iyayensu, har ya ɓata da telan da ke jikin katangarsu, mutumin da bai taɓa yi masa komai ba. Jifa bai tsaya ba. Daga baya ma duwatsun suka koma faɗowa cikin falo, rufi kuma babu huda, in ka taɓa su sai ka yarfe hannu don zafi. A silin ɗin Auta ana jin wata mace tana rarrashi ƙasa-ƙasa, rarrashin da babu daɗi a cikinsa.

"Baban Auta, ka cire abin nan," in ji matarsa. "Tun ranar da ya kunna kansa muka rasa zaman lafiya."

"Umarnin da na rubuta ba kuskure a ciki! Ma'aunin ne ya lalace, na kuma sauya shi. Ke me kika sani a kan lantarki?"

"Na san gidana lafiya yake kafin ka zama injiniya."

Ya buga ƙofa ya bar ta tsaye. Taurin kai irin nasa abin haushi ne, domin yana ganin abin da kowa ke gani, girman kai ne kawai ya hana shi faɗi.

Wata magariba Auta ta yar da kofin da ke hannunta. Hannun dama ya lanƙwashe ya manne a ƙirji, yatsu suka dunƙule. Ta miƙe ta shiga ɗaki ta tsaya ƙarƙashin fanka. Uban yana kallo lambar ta haura, fanka ta tashi. Auta ta juyo ta dube shi da idon da bai taɓa gani a fuskarta ba. Matar ba ta tsaya neman izininsa ba, ta yafa mayafi ta tafi ta ɗauko Malam, wani dattijo mai karatu da aka sani da cire wa mutane irin wannan larura.

Malam ya zauna a kan tabarma, ya sa uwar ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Ɗakin ya ɗauki ɗumi, zufa ta jiƙe rigar kowa. Can Auta ta buɗe baki, muryar wata babbar mace ta fito, a dishe, tana rawa don fushi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Tambayi wancan. Ka san da wuta aka yi mu. Da almuru nakan kwantar da ɗana a fiffiken fankar nan, saboda ƙarfen da sanyi. Matar gidan in za ta kunna, tun daga falo muke jin silifas ɗinta, mu ji bisimillarta, sai in ɗauke abina. Shi ya zo ya ɗaura mana abin da ke jin ɗumin jikinmu. Ba taku, ba sallama. Hannun ɗana ya karye gida biyu."

"Fankata ce!" Injiniya ya daka tsawa. "Ɗakin 'yata ne! Wa ya gayyace ku?"

"Yi mana shiru," Malam ya ce, ko kallonsa bai yi ba. Ya koma kan aljanar. "Shi ba da sani ya yi ba. Ke da sani kika yi. Yarinyar nan me ta yi miki?"

"Hannu nake so a madadin hannu. In na gama da nata zan tafi."

"Ba za ki samu ba. Zalunci ne, kin kuma sani."

Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Aljanar ta kurma ihu, ta shiga murɗa hannun Auta baya, a hankali, har aka fara jin ƙashi na ƙara. Uwar ta fashe da kuka. Lambar gilashin ta yi sama, na'urar ta ce ƙas, fanka ta tashi a kansu.

Injiniya ya dubi hannun 'yarsa, ya dubi fankar. Ya fizgo kujera ya haye.

"In hannu kike so, ga na wanda ya ƙera!"

"Kul!" in ji Malam. Amma Injiniya ya riga ya miƙa hannu cikin fankar.

Ƙarar ba ta da ƙarfi. Ya faɗo daga kujerar yana riƙe da hannu, jini na bin gwiwarsa, ya cije leɓe bai yi kuka ba. Fanka ta yi tangal-tangal ta tsaya.

"Haka na ɗana ya yi ƙara," muryar ta ce, yanzu ƙasa-ƙasa.

Malam ya miƙe, ya dubi Injiniya. "Kai, wautar da ka yi Allah bai ce a yi ba, ba kuma a biya wa aljani buƙata da jini. Ke kuma kin ga abin da fushinki ya jawo. Ki rantse ki fita, ki bar gidan nan, ko in ci gaba har ki ƙone."

"Na rantse zan fita. Abu ɗaya na roƙa. A koya wa abin nan sallama. Ba mu kaɗai ke ratsawa ta nan ba."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Da ta farka, abin da ta fara tambaya shi ne jinin waye a tabarma.

Yatsu biyu na Injiniya ba su ƙara miƙewa ba. Matarsa ta so a jefa na'urar a bola, Auta ta ce a bar mata, ai saboda ƙirjinta aka yi. Uban ya mayar da makunnin bango, ya je ya ba tela haƙuri. Sannan ya zauna da hannun hagu, yana lalube harafi-harafi, ya gyara umarnin: in zafi ya haura, 'yar ƙararrawa ta fara kaɗawa, na'urar ta dakata, ta sake aunawa, sannan ta kunna.

Wani almuru yana wucewa ta ƙofar ɗakin sai ya ji ƙararrawar. Ya tsaya. Lambar ta kai arba'in da wani abu, ɗaki kuma babu kowa. Yana tsaye, riƙe da karkatattun yatsunsa, ya ga ta fara saukowa sannu a hankali, kamar mai ɗauke da yaro yana bin tsani, har ta koma ashirin da takwas. Fankar ba ta motsa ba.

"A sauka lafiya," ya ce, ya ja musu ƙofa.